Yadda ake gina ɗabi'un yau da kullum masu gyara jiki da sanyaya zuciya

Akwai wata shekara da na yi ina kwanciya bayan ƙarfe ɗaya na dare, waya a hannu, haskenta a fuskata, in wayi gari kaina na sarawa. Da rana kuwa abu kaɗan ke tunzura ni. Wata safiya ɗana ya kifar da ruwa a kan takarduna, na daka masa tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa. Ya tsaya da kofin a hannu yana kallona, idanunsa suka ciko da hawaye. A lokacin na ɗauka halina ne ya lalace, na yi ta yi wa kaina faɗa a kan rashin haƙuri. Ashe jikin ne ya gaji, zuciya kuma a cikin jiki take zaune. Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni yadda zai samu kyakkyawan tunani, daga barci nake fara masa, kuma a haka na jero matakan nan, domin kowanne a kan wanda ya gabace shi yake tsaye.

Mataki na farko: tsayar da lokacin tashi daga barci

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare. Sai dai ba ka da iko a kan lokacin da barci zai ɗauke ka, ikonka a kan lokacin tashi yake. Don haka zaɓi lokaci guda, ka riƙe shi kullum har ranakun da ba ka zuwa aiki. Kwanakin farko za su yi nauyi, amma bayan mako ɗaya ko biyu za ka ga hamma tana zuwa da kanta da wuri.

Da ka tashi, ka fita waje hasken safiya ya same ka na minti 10 zuwa 15, ba tare da ka kalli ƙwayar rana ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani agogo mai zagayen kusan awa 24, kuma da hasken da ke shiga ido ake saita shi. A kan gano yadda wannan agogo yake aiki ne aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin, mai shaida wa jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta fitowarsa, ga kuma abin da ke cikin wayar, labarai da gardama da bidiyo, yana hana tunani kwanciya.

Abin da ya yi mini aiki shi ne mayar da cajar waya can nesa da gado, inda sai na miƙe tsaye kafin in kai gare ta. Ka yi haka tun da yamma, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai ka hau gado sannan za ka yi shawara da kanka, wayar ce za ta yi nasara.

Ka kula da gahawa da shayi mai kauri da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Abin da ka sha ƙarfe 5 na yamma, rabinsa yana yawo a jininka ƙarfe 10 na dare. Mayar da shan su safe. Idan kuma ka kwanta ka yi kamar minti 20 kana juyi barci ya ƙi zuwa, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka koma gado sai idonka ya yi nauyi.

Mataki na biyu: taka ƙasa

Bayan barci ya fara daidaita, sai ka ɗora tafiya a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Mafi ƙarancinsa ke nan minti 30 sau 5. Yadda za ka gane saurin ya isa: kana iya magana da wanda ke gefenka, amma numfashinka ba zai bari ka rera waƙa ba.

Kada maganar taku 10,000 ta karya maka gwiwa. Asalin wannan adadi tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Wani bincike da masana daga jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 a kan mata masu shekaru ya nuna cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500. Wanda ya saba wuni a zaune shi ya fi kowa cin ribar 'yan takun farko.

Fara da minti 10 bayan cin abinci. Tsokar da ke motsi tana janye sukari daga jini, saboda haka kasalar bayan ci tana raguwa. Bayan mako guda ka ƙara minti 5. Sau biyu a mako kuma ka ba tsokoki aiki: zauna a kujera ka miƙe sau 10 ba tare da dafa komai ba, sannan ka jingina tafukanka a bango ka tura jikinka gaba da baya. Mai ciwon zuciya, ko mai juna biyu, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi sauri, ya fara jin ta bakin likita.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki a tafiya shi ne yadda take rage wa damuwa girma. Sau da yawa ina fita da magana cunkushe a ƙirji, kafin in juyo gida ta zama abin da zan iya faɗa cikin jimla ɗaya.

Mataki na uku: rage biyu, ƙara ɗaya

Ba sai ka rushe tsarin cin abincinka ba. Rage gishiri: kada ya wuce giram 5 a wuni, kwatankwacin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da na leda. Rage sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha: iyakarsa wajen giram 50 ne, ƙaramin cokali 12, in ya sauka zuwa 25 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo mai zaƙi yana iya ɗaukar giram 35, don haka maye gurbinsa da ruwa shi ne canji mafi sauƙi mai babbar riba. Sannan ka ƙara ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa har su kai giram 400 a rana. Ka riƙa auna jininka lokaci zuwa lokaci, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka, asibiti za ka nufa.

Mataki na huɗu: yi wa tunaninka tambaya

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ɗauka kyakkyawan tunani shi ne ka yi murmushi alhali ciki na ƙuna, ka ce komai lafiya. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda aka yi wa rasuwa zai yi baƙin ciki, wanda bashi ya sha wa kai zai damu, kuma hakan lafiya ce. Abin da ake so a gyara shi ne ƙarin gishirin da zuciya ke yi wa abin da ya faru.

A shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu fama da ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu farat ɗaya, su kuma su karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Hanyar jinyar da ya gina a kan wannan tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya yau, kuma akwai ɓangarenta da kowa zai iya gwadawa da biro da takarda.

Misali, ka aika wa abokinka saƙo tun safe, ka ga alamar ya karanta, har dare shiru. Nan take zuciya ta ce, "Ya raina ni." Ɗauki takarda ka rubuta wannan jimla yadda ta zo. A ƙarƙashinta ka amsa tambaya uku. Mene ne na gani da idona? Saƙo ya shiga, amsa ba ta zo ba, iyakarsa ke nan. Wane bayani ne kuma zai iya zama gaskiya? Wataƙila yana tuƙi ya buɗe, wataƙila yana jinya, wataƙila ya manta kamar yadda ni ma nake mantawa. Da ƙanena ne ya kawo mini wannan ƙorafi, me zan ce masa? Wannan ta ukun ta fi ratsa ni, domin mun fi tausasa harshe ga wasu a kan kanmu. Rubutun kansa yana da amfani: tunanin da ke kai-komo a ka yana kama da taron jama'a, amma a takarda sai ka ga ashe layi biyu ne.

In abin ya taso maka a inda ba halin rubutu, yi amfani da numfashi. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali kana ƙirga 6, ka maimaita na minti biyu. Tsawaita fitar numfashi yana rage bugun zuciya, kuma sau da yawa minti biyun nan su ne tsakaninka da kalmar da za ka yi da-na-sanin furtawa.

Da dare kuma, kafin ka kwanta, rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a wunin, da dalilin da ya sa suka tafi daidai. Martin Seligman da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani bincike da suka wallafa a 2005, inda mutane suka yi shi na mako ɗaya, kuma aka ga tasirinsa a kan walwalarsu har bayan wata 6, musamman waɗanda suka ci gaba da yi da kansu. Ka ambaci abu takamaimai. "Na gode da iyalina" gaskiya ne, amma maimaita shi kullum zai sa ya dushe. "'Yata ta jira ni a bakin ƙofa ta karɓi jakata" shi ne irin wanda ke zama a rai.

Akwai iyakar da waɗannan dabaru suke tsayawa. Idan ka yi mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abin da kake so a da ya daina burge ka, ci da barci sun rikice, to ka ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani. In har tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka jira mako biyun. Faɗa wa wani na kusa da kai a ranar, ku tafi asibiti tare.

Mataki na biyar: nemi mutanenka

Tun 1938 jami'ar Harvard take bin rayuwar wasu maza 724, daga ƙuruciya har tsufa, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Babban abin da binciken ya fitar shi ne cewa masu kyakkyawar alaƙa da mutanensu sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Zumunci a ƙafa yake. Kowace rana ka kira mutum ɗaya ka ji muryarsa, ko na minti 5 ne, kuma sau ɗaya a mako ka je ka ga wani ido da ido. In ka samu abokin tafiyar yamma, ka haɗa mataki biyu a fita ɗaya, ga shi ranar da kasala ta kama ka akwai mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Mataki na shida: sa abin ya zauna

Kada ka ɗauki duka biyar ɗin gobe da safe, nauyin zai sa ka ajiye su gaba ɗaya. Ɗauki ɗaya, ka ba shi mako biyu ko uku kafin ka ƙara wani. Ka kuma ɗaure sabon abu a jikin wanda ka riga ka saba: "Da na goge haƙora da dare, zan kai waya wurin caji." "Da na ajiye cokali, zan saka takalmi." Faɗin lokaci da wuri ya fi "zan riƙa motsa jiki" tasiri nesa ba kusa ba, domin ya ɗauke maka wahalar yanke shawara kullum.

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa a saba da abu. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a wata jami'a a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu 18 suka ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Don haka in wata guda ya wuce kana jin har yanzu da ƙyar kake yi, ba wani abu ne ya same ka ba. Binciken ya kuma nuna cewa fashin rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina.

Manna takarda a inda idonka ke faɗawa kullum, ka ja layi 7 a kowane mako, ka sa alama duk ranar da ka yi. Ranar da ka yi fashi ka bar gurbin fili, kada ka ce za ka ninka gobe don ramuwa. Washegari ka yi ko da rabi ne, tafiyar minti 5 maimakon 10, abu ɗaya mai daɗi a takarda maimakon uku, ka sa alamarka.