Digiri ko sana'ar hannu: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka shiga sana'a da ƙafar dama

Kafin ka sayi fom ɗin JAMB, ka fara duba aikin da kake so ka ci abinci da shi: doka ta ɗaure shi da takarda ko ba ta ɗaure ba? Likita sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara guda ta horo a asibiti, sannan hukumar kula da likitoci ta MDCN ta ba shi cikakkiyar rajista. Lauya shekara 5 ne, ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Injiniya ma shekara 5 ne, da rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN. Malamin makaranta kuwa mafi ƙarancin abin da ake nema gare shi NCE ce. In burinka yana cikin waɗannan, magana ta ƙare: nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ka kama karatu. Sai dai ka sa wa lissafinka rara, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

In kuwa abin da ke ranka wayarin ne, ko haɗa sola, walda, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, aikin famfo, ɗinki ko kafinta, to mai ba da aiki hannunka zai duba. A nan zaɓen maigida ya fi komai nauyi, kuma a nan aka fi yin asarar shekaru.

Kada ka zaɓi shago don girmansa. Je ka zauna na 'yan kwanaki ka ga wa ke riƙe da kayan aiki. In maigida ne kaɗai ke taɓa aiki, yara kuma sai shara da sayo abinci, ka san haka za ka shekara. Tambayi yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. Wanda yaransa suka buɗe nasu shagunan shi ne malami. Sannan mahaifinka ko wani babba ya raka ka a yi magana a gaban shaidu, in da hali a rubuta: shekara nawa za a yi, akwai kuɗin koyo ko babu, wa zai ɗauki abincin rana da kuɗin mota, me za a ba ka ranar yaye. Yawancin rigimar maigida da yaro daga "ai mun san juna" take tasowa.

Matsala ta biyu ita ce koyon aiki da ido kawai, ba a san dalili ba. Ɗauki wayarin ɗin gida. Ana ja wa fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket kuma 2.5, abin da ke jan wuta da yawa kamar murhun girki na lantarki a ba shi 4 ko 6 da layinsa daban. Yaron da bai san me ya sa ba, ranar da mai gida ya ce a rage kuɗi sai ya ja 1.5 zuwa soket, a jona hita, waya ta yi zafi ta narke a cikin bango. Haka a sola: batir biyu masu bolt 12, in an jera su kan wannan da gindin wancan sun ba da 24, in an haɗa kai da kai suna nan a 12. Wanda ya rikita wannan, ko dai inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta ƙi tashi ko ya ƙona ta, kuma shi zai biya. Don haka ka sayi mita ta gwajin wuta tun watan farko, ka riƙe littafin rubuta kowane aiki da ma'auninsa, kada kuma ka yar da lissafin sakandare.

Sai takarda. Gwani marar shaida yana samun aikin unguwa, amma kamfani da kwangilar gwamnati sukan nemi abin da za a sa a fayil. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na III a haura zuwa na I. Hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta NABTEB tana da jarrabawar Nuwamba da Disamba ga waɗanda ba sa makaranta, kuma ana neman gurbin karatu da sakamakonta. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana kula da tsarin NSQ, wanda ke auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki ya ba shi shaida. Wanda ya koyi ƙira a kasuwar Panteka ta Kaduna ba sai ya koma aji ɗaya ba.

Ga mai son haɗa biyun, kwalejin kimiyya da fasaha ce hanya mafi sauƙi: ƙaramar difloma (ND) shekara 2, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma (HND) shekara 2. Da ND mai kyau ana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan shekarar ta tsakiya ka yi ta a wurin da za a ba ka sukundireba a hannu, ko da ba a biyan ko sisi, maimakon ofishin da za a sa maka hannu a littafi kana zaune. Mai niyyar bautar ƙasa kuma ya lura: wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ko HND, takardar yafewa NYSC ke ba shi.