Yadda Ake Rinin Ɗaure a Gida Ba Tare da Asarar Yadi Ba

Duk hutun makaranta sai 'yan matan unguwarmu sun taru a tsakar gidana wai in koya musu rini, kuma kusan dukansu wuri ɗaya suke tuntuɓe. Abin ba ya cin kuɗi: tsohon farin zanin gado, ɗan garin kala da bokiti biyu sun ishe ki ki wuni kina abin da ranki ke so. Ba irin na marinar Ƙofar Mata za mu yi ba, inda tun 1498 ake jiƙa baba da toka a rami a jira kwanaki. Namu na kemikal ne, yini guda ya gama.

Fara da yadi. Auduga zalla kawai nake yarda da ita. Idan kin shiga Kantin Kwari, kada ƙyalli ya ruɗe ki, domin yadi mai roba ba ya shan wannan kalar ko zai kwana a ciki. Ki zare ɗan zare daga gefe ki ƙyasta masa ashana. Auduga za ta yi warin ƙonanniyar takarda ta bar toka, mai roba kuwa zai narke ya dunƙule. Amma ranar farko ma kada ki sayi komai, ki gwada da tsohuwar singiletin maigida. In sabon yadi ne, wanke shi tas sitacin ya fita.

Sai ɗauri. Tsunkuli yadin, ki cusa tsakuwa ko ƙwallon dabino, ki naɗe wuyansa da zare. Ni zaren buhun shinkafa nake warwarewa, kyauta ne kuma ba ya shan ruwa. Ki ja har sai yatsunki sun yi zafi. Ɗaurin da bai sa ki yamutsa fuska ba, kala za ta shige shi. Da kin gama, tsoma yadin a ruwan sanyi ki matse.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Kayan haɗi uku ne: garin kala, soda (wato kostik soda, irin ta haɗa sabulu) da haidiro (wani farin garin kemikal na rini, hydrosulphite). A yadi biyu, ma'aunina cokali 1 na kala, 2 na soda, 3 na haidiro. Ki yi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da takunkumi, yara kuma a kora su ɗaki. Bokitin roba za ki ɗauka, kada ki kuskura ki sa tukunyar alminiyam, soda na cin ta. Ruwa ne farko a bokiti, mai ɗumi sosai amma ba tafasasshe ba, sannan ki riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan kina juyawa da sanda. Wadda ta zuba ruwa a kan soda, zai iya fantsamo mata a ido. Ki dama kalar daban ta yi kamar kunu, ki juye, haidiro ya zo ƙarshe.

To a nan ne ake faɗuwa. Kin sayi shuɗi, sai ki ga ruwan ya koma wani launi dabam, sau da yawa kore-kore mai rawaya, ga kumfa a sama ga wari. Karona na farko na ɗauka mai shago ya cuce ni, na yi ta antaya gari har ya ƙare, na ɓata shaddar da na yi niyyar ɗinkawa da Sallah: ta fito dabbare-dabbare, wata guda tana zuba a jikina. Ashe wannan canjin shi ne alamar haɗi ya yi. Haidiro ne ke narkar da kalar ta iya shiga cikin zare, sai yadin ya sha iska ainihin launin ke dawowa. Don haka kada ki ƙara komai. Ki bar shi minti 10 ya kwanta, kuma ki daina buga ruwan kamar mai kaɗa miyar kuka, iskar da kike shigarwa tana kashe ƙarfinsa.

Nutsar da yadin gaba ɗaya, kina juya shi a hankali a ƙarƙashin ruwa, minti 10 zuwa 15. Ɗaga shi, ki rataye a inuwa, ki tsaya ki ga yadda yake rikiɗa a gabanki. Wannan lokacin ne yaran ke ihu. In kina son ya ƙara duhu, sake tsomawa ya fi ƙara gari, ya kuma fi arha.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗauraye kafin ki kwance, sannan ki yanke zaren da reza a hankali, ki wanke da sabulu har ruwa ya fito fes, ki shanya a inuwa. Ragowar ruwan rinin kada ki zubar inda awaki ke sha. In shadda ce, ki sa mata sitaci ki kai wa mabuga, guga ba za ta ba ki wannan sheƙin ba.