Yadda Ake Sake Gwabza Damben Kambun Ajin Bantam na Farkon Ƙarni na 20 a Kan Takarda

Masu son tarihin damben boksin sun daɗe suna gardama a kan wanda zai yi nasara da a ce an sake haɗa tsofaffin zakaru, kuma tun 1967 wani mai shirya shirye-shiryen rediyo a Miami, Murry Woroner, ya sa kwamfuta ta haɗa zakarun ajin masu nauyi. Ba sai da kwamfuta ba. Takarda da biro da ƙwayar lido biyu, wato 'yan abubuwan nan masu fuska shida da ake jefawa, sun isa. Ajin bantam ya fi dacewa da wannan wasa, domin ƙananan 'yan dambe ne da sukan kai ƙarshen faɗa a tsaye, saboda haka dabara da numfashi sun fi naushi ɗaya tasiri.

Matakin farko shi ne tsayar da shekara da gari, domin a wancan zamani doka takan canza daga wuri zuwa wuri. Iyakar nauyin ajin bantam da aka sani yau ta fam 118, kimanin kilo 53 da rabi, ƙungiyar National Sporting Club ta Landan ce ta tsayar da ita a 1909, alhali a Amurka an yi ta yin faɗan kambu a kan fam 115 ko 116. Tsawon faɗa ma haka yake. Joe Bowker ya karɓe kambu daga hannun Frankie Neil a Landan a 1904 bayan turmi 20, Pete Herman ma turmi 20 ya yi da Kid Williams a New Orleans a Janairun 1917, amma Joe Lynch ya doke Herman a New York a Disambar 1920 cikin turmi 15. Kowane turmi minti uku ne, da hutun minti ɗaya.

Akwai wata doka da ya kamata a tsaya a kanta sosai, domin ita ce ke bambanta zamanin da namu. Daga 1911 zuwa 1917, dokar Frawley ta jihar New York ta taƙaita faɗa zuwa turmi 10, ta kuma hana alƙalin wasa bayyana wanda ya ci idan an kai ƙarshe kowa na tsaye. Washegari 'yan jarida su rubuta wanda suka ga ya fi, masu caca su biya juna a kan haka, amma kambu yana nan wurin mai shi. Ma'ana, mai ƙalubale zai iya jibgar zakara daga turmin farko har na goma ya tashi a tutar babu, matuƙar bai kwantar da shi ba. Duk wanda ya zaɓi irin wannan faɗa, to ya rubuta wannan sharaɗi a saman takardarsa tun kafin ya taɓa ƙwaya.

Na biyu, a tattaro tarihin 'yan damben biyu. Shafin intanet na BoxRec yana ɗauke da jerin faɗace-faɗacensu, har da hukuncin jaridu. Kada a ruɗu da yawan nasara kawai. A duba wa mutum ya doke, a turmi na nawa, da kuma sau nawa aka taɓa kwantar da shi. A kuma zaɓi shekara ɗaya daga rayuwarsa, domin Johnny Coulon na 1912 daban yake da wanda Kid Williams ya gama da shi a turmi na uku a Vernon ta Kalifoniya a Yunin 1914.

Na uku, a ba kowannensu maki daga 1 zuwa 5 a fannoni huɗu: gwaninta, ƙarfin naushi, jure duka, da numfashi. A nan ne son rai yake shigowa, don haka ya fi kyau mutum biyu su zauna su daidaita, kuma da zarar an rubuta ba a gogewa. A ganina Herman na 1917 ya cancanci 5 a gwaninta, 3 a naushi, 5 a jure duka, 5 a numfashi, Williams kuma 4 a kowane fanni. Wani zai ce na rage wa Williams a naushi, kuma ba zan yi masa musu da ƙarfi ba.

Sai faɗan kansa. A kowane turmi a jefa wa kowane ɗan dambe ƙwaya biyu, a haɗa abin da ya fito da makin gwanintarsa. Wanda jimillarsa ta fi shi ya ci turmin, idan kuma sun yi daidai a rubuta kunnen doki. Idan tazarar ta kai 5 ko fiye, naushi mai kyau ya shiga ke nan, sai a sake jefa ƙwaya ɗaya ɗaya, mai duka ya haɗa da ƙarfin naushinsa, wanda aka daka ya haɗa da jure dukansa. In mai duka ya fi, abokin karawarsa ya faɗi. In ya fi da 4 ko sama, an ƙirga goma bai tashi ba. Mai kallon damben gargajiya ya lura cewa a nan taɓa ƙasa ba kisa ba ne. Ga misali: a turmi na biyar ƙwayar Herman ta ba da 6 da 4, ya tashi da 15, ta Williams ta ba da 3 da 2, ya tashi da 9. Tazara 6 ce. A jifa ta biyu Herman ya samu 5 ya zama 8, Williams ya samu 2 ya zama 6, saboda haka Williams ya sha ƙasa, ya kuma miƙe kafin a gama ƙirga. Wanda ya faɗi a cire masa maki ɗaya a turmi na gaba, domin a wancan lokaci ba a tilasta wa mai duka ya koma lungu mai nisa. A kansa yake tsayawa yana jira ya ɗago.

Gajiya kuwa, a ninka makin numfashi sau huɗu, lambar da ta fito ita ce turmin ƙarshe da mutum zai yi da cikakken ƙarfinsa. Mai 4 zai fara rasa maki ɗaya daga gwanintarsa bayan turmi na 16, ya sake rasa wani bayan kowane turmi biyu. A bar wa keta doka ƙofa kaɗan: wanda ƙwayarsa ta ba da 1 da 1 a turmi biyu a jere ya yi dukan ƙasan mara, an kore shi. Irin wannan ya faru da Williams a 1915 a St. Paul, inda Johnny Ertle ya riƙa kiran kansa zakara bayan an ce Williams ya yi masa haramtaccen duka.

Idan aka kai ƙarshe a wurin da doka ta yarda da hukunci, a ƙirga turmin da kowa ya ci, amma tazarar turmi ɗaya a bar ta kunnen doki, domin alƙalan zamanin ba sa saurin raba zakara da kambunsa. Faɗa ɗaya ba ya tabbatar da komai, sai an maimaita shi kamar sau 30. Mai kwamfuta zai iya sa Excel ya yi masa jifar da umarnin RANDBETWEEN. A fara gwada tsarin da faɗan da aka san sakamakonsa. Williams da Herman sun yi kunnen doki a 1916, Herman ya ci a 1917, don haka idan takarda ta ba ɗayansu nasara 28 cikin 30, makin ne ke da gyara.

Bayan tsarin ya zauna ne za a haɗa waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, kamar Terry McGovern, wanda ya gama da Pedlar Palmer a turmin farko a 1899, da Panama Al Brown, dogon nan da ya ci kambu a 1929. A irin wannan karawa sai an yi faɗan iri biyu, ɗaya da dokar zamanin McGovern, ɗaya da ta zamanin Brown, a rubuta sakamakon kowanne a shafinsa daban.