Yadda za ku aika hoton RAW don inganta darktable

Masu ɗaukar hoto na Nima da Mamobi, idan darktable, manhajar gyaran hoto, ta ƙi buɗe hotunan sabuwar kyamararku, ku taimaka da samfurin hoto, domin 'yan sa-kai ne ke gina ta kyauta.

Da farko ku saita kyamara a kan RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Ku fita da hantsi ku ɗauki abu mai launi, kamar tulin tumatir da barkono a kasuwar Nima, kyamara a kwance, hoto ya fito tar. Kada fuskar kowa ta shiga, ko ta mai tumatir ɗin, don ba a son hoton mutane.

Sai ku kwafo fayil ɗin daga katin kyamara yadda yake, ku loda a shafin raw.pixls.us, inda masu gina darktable ke samun samfuran hotuna, ku amince da lasisin CC0, wato kun sallama hoton ga kowa.