Kurakuran da ake yi in an kai biki lambu, da yadda za a gyara

A Birnin Kebbi da Argungu da Jega, wasu iyalai sun fara barin zauren taro suna kai walima ko yinin biki lambu a bayan gari. Ni kaina ina son haka. Ga inuwar mangwaro, ga iskar fadama, yara kuma su samu filin wasa. Amma lambu gonar mutum ce da yake noma abincinsa, ba a shirya shi don karɓar baƙi ɗari uku ba, kuma yawancin wahalar da na gani daga mantuwa da wannan ta taso.

Mutane kan zaɓi wuri da hoton waya, ko su leƙa da sassafe lokacin da komai ke luf-luf. In da la'asar za a yi taro, to da la'asar za ki je. Ki tsaya inda amarya za ta zauna ki ga ta ina rana ke bugowa, ki taka ƙasar da takalminki. A walimar ƙanwata, a wani lambu a hanyar Kalgo, mai lambu ya tayar da injin ban ruwa ana gobe biki, don a ganinsa wurin zai fi yin shar. Ƙasar fadama ce mai laka. Muna jera kujerun roba ƙafafunsu suna nutsewa, gefen atamfofin ankon ƙawaye duk ya yi caɓa-caɓa. Ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu ce komai ba. A roƙi mai lambu ya tsayar da ban ruwa kwana uku kafin ranar, a daddaɓe wurin zama a zuba yashi, sannan a shimfiɗa tabarmi.

Sai lokacin shekara. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ya san lambun da ke kusa da gulbi ba abin dogaro ba ne a Agusta. Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40, ga nunannen mangwaro yana faɗowa, ƙudaje na binsa har cikin kwanon baƙo. Ni na fi son Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, an yi girbi, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. In ranar bikin ta faɗa tsakiyar hunturu, a kafa rumfa ta ba gabas baya, a ɗaure ta da igiya da turaku, a kare gefen da zana. Lokacin ne kuma mangwaro ke fure, ƙudan zuma na yawo, don haka kada a ajiye zoɓo da kunun aya a buɗe ƙarƙashin bishiya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na ban ɗaki da wurin alwala. Za a kashe kuɗi wajen furanni da labulen ado, a manta cewa mata za su yini. A bikin nan namu, wata gwaggonmu mai ciwon ƙafa ta kamo hannuna ta ce a hankali, "Ɗiyata, ina makewayi?" Na rasa abin da zan ce mata. Sai da na nemi mota aka kai ta wani gida a ƙauyen da ke kusa, ta dawo ba ta ƙara sa ko ruwa a bakinta ba har aka tashi. Har yau in na tuna sai na ji nauyi. Gyaran ba shi da tsada. A haƙa rami a kewaye da zana mai kauri, na mata daban, na maza daban kuma can nesa. A ajiye duro biyu na ruwa da butoci masu yawa da sabulu. A share wurin salla a duba alƙibla tun da wuri, don la'asar ba za ta jira a gama ɗaukar hoto ba. Tsofaffi kuma a zaunar da su kusa da ƙofa, inda mota za ta iya sauke su.

Kada a ja taro har dare. A Disamba kafin ƙarfe 6:30 rana ta faɗi, kuma da magriba sauron fadama ke fitowa. Hanyar ƙauye da duhu ba abin wasa ba ce a wannan zamani. A fara da wuri, a sallami mutane da sauran haske, motoci su tafi a jere. Tun kafin ranar, iyaye maza su je su gaida hakimin wurin, su sanar da shi, a nemi 'yan sintirin ƙauyen su tsaya a ƙofa. Shiga ƙasar mutane da lasifika ba sallama rashin ladabi ne, kuma su ne za su nuna muku hanyar da ba ta da rairayi mai kafe mota. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a zo da mai na ƙari.

Abinci ba ya son doguwar tafiya. Tuwon shinkafa da waina a kula suke fi kyau, miya kuma a ɗumama ta a wurin. Amma in za a hura wuta, a share busasshiyar ciyawa a kewaye, a ajiye bokitin ruwa kusa, domin iskar rani ba ta barin tartsatsi ya kwana.

Abin da ke ɓata zumunci bayan an watse shi ne rashin magana a fili da mai lambu. Yara za su hau bishiya, za a taka fangalin albasa ko na tumatir, motoci za su bi ta kan bututun ruwa. A zauna da shi gaban shaidu a faɗi iyakar inda baƙi za su shiga, a ja igiya, a yarda da wanda zai biya in an yi ɓarna. A sa samari huɗu ko biyar su dawo washegari da buhuna su tsince ledojin ruwa da robobi, tun kafin a saki awakin ƙauyen su cinye su.