Yadda za ka samu shuɗin fure mai daɗewa a lambunka a Legas

Duk wanda ya ga hoton tsiron fure mai suna monkshood a intanet sai ya yi sha'awarsa: kara mai tsayin mita ɗaya ko fiye, ya cika da furanni shuɗaye masu duhu. Sai maigida ya sa a kawo masa irin daga Turai, ya miƙa wa mai kula da lambu, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga Arewa, in bai tsiro ba a ce sakacinsa ne. Wallahi ba laifinsa ba ne. Tsiron ƙasashen sanyi ne, irinsa ba ya tsirowa sai ya sha sanyi na makonni, saiwarsa kuma sai ta huta a hunturu mai ƙanƙara kafin ta sake tohowa. Legas ko a Janairu ba ta da wannan sanyin. Ga kuma guba. Ganyensa da furensa, balle saiwarsa, duk suna ɗauke da sinadarin akonitin mai dagula bugun zuciya har ya yi kisa, kuma yana iya shiga ta fata. Gidan da ke da yara ko akuya, ban yarda a shigo da shi ba.

Abin da nake sa mutane su shuka shi ne plumbago, wani ƙaramin itacen fure ɗan asalin Afirka ta Kudu. Shuɗinsa ya fi haske, amma yana son zafi, kuma shekara da shekaru yana nan yana fure.

Kada ka ɓata kuɗinka kan babba na cikin tukunya. Nemi reshe wajen maƙwabci ko masu sayar da fure a bakin titi. Yanko wanda ya fara ƙwari amma bai zama ice ba, santimita 10 zuwa 15, ƙasa da gaɓa kaɗan. Tsige ganyen ƙasa, ka bar biyu ko uku a sama. Sa safar hannu, ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi.

To, wajen ban ruwa ne kusan kowa ke yin asara. Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ya saba ƙishirwa ce ke kashe shuka, sai ya zo Legas da wannan hannun, safe da yamma yana kwarara ruwa. A nan ruɓewa ce ke kashe reshe, domin iskar kanta a jiƙe take, ƙasa ba ta saurin bushewa. Za ka ga gindin ya yi baƙi, ganye ya yi yaushi, mutum ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, shi ke nan an gama da shi. Haɗa yashin gini mai kaushi rabi, baƙar ƙasa rabi. Ledar fiyawata ta isa, ka huda ƙasanta sosai, ka ɗora a kan bulo don kada ta zauna cikin ruwa. Ajiye a ƙarƙashin rumfa, inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya duka. Kafin ka zuba ruwa tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji danshi ka ƙyale shi. Ni dai ba na kafa reshe a watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi. Na fi son Oktoba. Kuma don Allah ka daina tumɓuke shi kana leƙa saiwa. Cikin wata guda ko makamancin haka za ka ga sabon ganye, shi ne shaida.

Daga nan sai dashe. Zaɓi inda rana ke bugawa aƙalla awa shida, ka yi ɗan tudu in ruwa na kwanciya a gidanku, ka bar tazarar mita ɗaya. Busasshen kashin kaji kaɗan ya wadatar, yawan taki ganye yake kawowa ba fure ba. Duk sanda furen ya ragu ka rage masa rassa da almakashi, domin a sabon reshe yake fitar da wani.