Kafin a kira wanzami, ki fara duba gaban yaronki

Iyaye mata dan Allah ku ba ni aron kunnuwanku, maganar nan da kunya a cikinta amma kunyar ce take ja mana asara. Da yawanmu sai mu yi wata da watanni muna canza wa yaro famfas ba mu taɓa tsayawa mun duba 'yan marainansa ba ko suna nan ko ba sa nan.

Lokacin dubawa shi ne bayan wanka da ruwan ɗumi, saboda sanyi yana sa su tsuke su gudu sama. Ki ɗumama hannunki, ki kwantar da shi rigingine, ki shafa daga matsematsinsa zuwa ƙasa a hankali. Ƙwaya biyu za ki ji a cikin jakar, kusan girmansu ɗaya. In ɗaya kika ji ko kuma jakar fayau take, kar ki ɗaga hankalinki tukunna, wajen 3 cikin 100 na jariran da suka cika watanninsu haka ake haifarsu, bakwaini ma ya fi haka sosai, kuma yawanci da kanta take saukowa a watannin farko. Amma in ya cika wata 6 ba ta sauko ba to magana ta ƙare, ba jira kuma, ƙaramar tiyata ake yi a sauko da ita kuma an fi so a yi kafin ya kai wata 18. Dalili kuwa cikin jiki ya yi wa ƙwayar zafi, in ta daɗe a can tana lalacewa ta shafi haihuwarsa nan gaba, ga kuma haɗarin ciwon daji da yake ƙaruwa. Masu cewa "bari ya girma za ta sauko" wallahi cutar yaron suke ba su sani ba.

Sai kan gaban nasa, nan ne na fi so ki nutsu. Ki kalli inda fitsari yake fitowa. Akwai yaran da ƙofar fitsarinsu ba a tsini take ba, a ƙasa take, wani kusa da kai wani can tsakiya wani har gindin, sai ki ga fatar ta rufe sama kawai kamar hula ƙasa a buɗe, wani lokacin gaban ya ɗan lanƙwasa. A gida sai a ce ai da kaciyarsa aka haife shi, har a yi ta murna, ko kuma a ce wanzami ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Kar ki yarda. Ko wa ya matsa miki, ko kakarsa ce, ki ba ta haƙuri ki ce Hajiya a bari likita ya gani tukunna, domin wannan fatar da za a yanke a yar sau da yawa da ita likitan tiyata yake gyara hanyar fitsarin. In an yanke aikin ya ƙara wuya. Shi ma tsakanin wata 6 zuwa 18 aka fi yin sa.

Gwaiwa kala biyu ce. Ta ruwa, wadda jakar take cika ba ciwo, sau da yawa tana bajewa da kanta kafin shekara 2. Amma kumburin da yake fitowa in yana kuka ya koma in ya yi barci, wannan hanji ne yake leƙowa, sai tiyata, ba a ɗaure shi ba a tsaga shi. In ya ƙi komawa yaro yana amai, a daren nan za a tafi.

Ciwon daji a maraina ba kasafai yake kama yara ba, an fi ganinsa daga shekara 15 zuwa 35, amma yana faruwa har ga ƙanana. Abin da yake yaudarar mutane shi ne ba ya ciwo. Ƙwaya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ta yi tauri kamar tsakuwa, yaro yana wasansa lafiya lau. Asibiti za a yi sikanin, a ɗebi jini a auna wani sinadari da ake ce wa AFP, in ta kama a cire ƙwayar, ta matsematsi ake bi, kuma ƙwaya ɗaya mai lafiya ta isa ya haihu. Yana cikin masu jin magani sosai in an zo da wuri. Wanda ya fara balaga ba zai nuna miki ba, wannan aikin babansa ne, ya koya masa ya dinga shafawa da kansa sau ɗaya a wata wajen wanka.

Wanda ba ya jira kwata-kwata shi ne ciwo mai tsanani farat ɗaya a maraina, har da amai. Ƙwayar ce ta murɗe jini ya daina zuwa, awa 6 ke gare ku kafin ta fara mutuwa. Ba kemis ba man zafi, ku tari adaidaita ku wuce emajensi, in a Kano kuke asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala duk wanda ya fi kusa, kuma kar a ba shi abinci a hanya saboda ƙila tiyata za a shiga da shi.